Wasiƙa ga Umma: kwananmu uku a kan tsohon titi

Assalamu alaikum Umma,

Ina kwana, ko dai ince ina wuni tunda awa shida ke tsakaninmu, mu yanzu safiya ce ku kuwa nasan har anyi azahar. Dafatan kun tashi lafiya, ya ƙafar taki, Allah yasa kina shan maganin akan lokaci ba sai an tuna miki ba. Ya Baba, ya su Yaya da yaran gida gaba ɗaya. Mu nan lafiya ƙalau alhamdulillah sai kewarku da bata ƙarewa.

Rannan da mukayi waya sabis ya dinga katsewa, kina ta tambayata wai ina mukaje har kwana uku ba'a samunmu sosai, nace miki bari zan zauna in rubuto miki komai a tsanake sai a karanta miki, toh gashi yau yara sun tafi wasa gidan maƙota na samu sarari.

Umma kinsan shekararmu shida kenan a Shikago nan Amurka amma wallahi in banda hanyar wajen aiki da makarantar yara da kantin da muke cefane da masallaci babu inda na sani, kullum daga wannan sai wannan, in an tashi sanyi ya hana fita in zafi yazo aiki ya hana. Baban yara ne ya samu hutu cikin watan Yuli yace wannan karon ba jirgi ba otal mai tsada, mota zamu ɗauka mu bi wani tsohon titi da ake cema Route 66 muna tafe muna tsayawa ƙananan garuruwa har mu kai St. Louis. Tafiyar kusan mil 300 ce, inda ta babban titi mukabi awa biyar ma bazata cika ba, mu kuwa kwana uku mukayi a hanya kuma da za'a ƙara min wasu ukun da na karɓa hannu bibbiyu.

Bari in ɗan faɗa miki labarin titin dan sai da shi zaki gane abinda ya taɓa min zuciya. A 1926 aka buɗe shi, daga Shikago ya miƙe har California bakin teku, mil dubu biyu da ɗari huɗu da ɗoriya, ya ratsa jiha 8. A zamanin duk wanda zai yamma ta nan yake bi, kuma titin ta tsakiyar kowane gari yake wucewa, dan haka kowa ya samu abin yi, wannan ya buɗe gidan mai wancan gidan abinci wancan masauki. Sai a 1956 lokacin shugaba Eisenhower gwamnati ta fara shimfiɗa manyan titunan nan masu faɗi da basa shiga gari, ta gefe suke kewayewa, mota ta dinga wucewa fuuu ba mai tsayawa ko ruwa ya saya. A 1985 aka soke sunan titin daga lissafin hanyoyin gwamnati kwata-kwata. Kinga mutum yana zaune ƙofar shagonsa da kasuwarsa, bai yiwa kowa laifi ba, rana ɗaya kasuwar ta tashi ta koma can nesa da shi. Mutanen da muka je muka gani kenan, su da 'ya'yansu da jikokinsu.

Da sassafe muka fita, muka fara ɗaukar hoto a gindin allon da aka rubuta nan ne farkon titin akan Adams Street, sannan muka karya a wani gidan abinci Lou Mitchell's da yake nan tun 1923, suna da wata al'ada mace da yara in sun shigo sai a miƙa musu 'yar alawar cakulan a kwali, Auta kuwa ta damƙe tata taƙi ci har sai da ta narke mata a hannu cikin mota.

Muna fita daga birni ƙasa ta buɗe. Umma masara ce iya ganinki, dama masara hagu waken soya, can kuma su musanya, ƙasar a shimfiɗe kamar an goge ta da dutsen guga babu tudu babu kwari. Tun daga nesa ake gane an kusa gari, zaki hango tankin ruwa a sama da sunan garin a jiki da manyan baƙaƙe, sai dogayen rumbunan hatsi a gefen layin dogo, shikenan kin iso. Abba ya maida abin gasa, duk wanda ya riga karanta sunan gari a tanki yaci, shi da takwararki har da rantse-rantse.

A Wilmington akwai wani ƙaton mutum-mutumi kore ya kusa ƙafa 30, da hular 'yan sama jannati yana riƙe da roka, da can a gaban wani gidan abinci aka kafa shi dan ya ja hankalin direbobi su taka birki. Dabarar mutanen titin kenan, kowa da abinda zai sa a ƙofarsa. Bamu daɗe ba anan, hoto kawai. A Dwight ne muka ɗan jima, wani ɗan ƙaramin gidan mai ne da aka gina a 1933 kamar gidan zama da farin fenti, ya sayar da mai har 1999, shekara 66 cif, yanzu mutanen gari sun gyara shi tsaf sun maida shi wajen tarbar baƙi. Wani dattijo muka samu a ciki ba albashi ake biyansa ba, sa kai ne, ya buɗe mana wani babban littafi da baƙi ke sa hannu yace mu rubuta daga inda muka fito, da Baban yara ya rubuta sunan ƙasarmu dattijon ya sunkuya ya gyara tabarau ya karanta har sau biyu, ya tambayi yadda ake faɗin na gode da harshenmu, muka koya masa, har muka shiga mota yana tsaye a ƙofa yana maimaitawa yana ɗaga mana hannu.

Abincin rana a wani ɗan gari mukaci wanda duka-duka babban layinsa bai wuce shago goma sha ba, rabi ma a rufe da takarda manne a gilas. Gidan abincin tebur bakwai ne ko takwas sai dogon kanta da kujeru masu juyawa, muna tura ƙofa ƙararrawa tayi ƙara kowa ya waigo, manoma ne tsofaffi da hulunansu na hana sallah kowa da kofin kofi a gaba. Gaskiya gabana ya faɗi, kinsan mace da hijabi da yara uku a garin da ƙila basu taɓa ganin irinmu a zahiri ba. Matar dake kai abinci ta taho da tulun kofi a hannu, zata kai shekara sittin, tace mu zauna duk inda ya mana, ta ja wata kujera mai tsayi ta ɗora Auta da kanta. Na fara mata bayanin bama cin naman alade, kafin in ƙarasa ta ɗaga hannu tace ta gane, ta leƙa ta 'yar tagar kicin tacewa mai girkin ya kankare faffaɗan ƙarfen da suke suya akai ya goge shi tas kafin ya fasa mana ƙwai, kuma ina kallo ya kankare ya zuba ruwa tururi ya tashi ya sake gogewa. Muka ci ƙwai da soyayyen dankali da irin fankensu mai faɗin nan da ake jerawa uku a faranti, kofi kuwa ko ka sha rabi sai ta sake cikawa ba ƙarin kuɗi, haka sukeyi.

Toh ga inda matar ta shiga raina. Akan kanta akwai wani abu cikin murfin gilas da suke cema fai, ɓawon fulawa ne ake gasawa a cika cikinsa da tufa ko wasu 'ya'yan itace, takwararki tun shigowarmu idonta na kai. Na nuna nace a yanko mana biyu, matar har ta ɗauki wuƙa sai ta tsaya tayi shiru, ta ajiye, tace a'a wannan bazan baku ba, da kitsen alade ake murza ɓawon, haka kakarta keyi haka suma sukeyi. Umma wa zai sani in ta yanko mana? Ni dai ban taɓa kawowa a raina wai abin zaƙi zai ƙunshi wannan ba, kuma ciniki ne ta mayar da hannunta a wajen da kana gani kasan kowace dala ana buƙatarta. Takwararki ta fara ƙwalla, matar ta shiga ciki ta fito da askirim kofi uku tace wannan kyautarta ce. Anan ƙasar in ka ci abinci kana barwa wanda ya kawo maka tukuici, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin dan albashinsu kaɗan ne da shi suke rayuwa, ranar Baban yara ko lissafi baiyi ba ya ajiye abinda hannunsa ya kai.

Da la'asar muka shiga Pontiac, gari ne mai kyau, bangon shaguna duk zane-zane manya da masu zanen alluna suka taru sukayi a 2009. Gidan tarihin titin yana cikin tsohon ofishin 'yan kwana-kwana, a ciki akwai wata tsohuwar Volkswagen ta wani mai zane Bob Waldmire wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana hawa da sauka akan titin yana zana garuruwansa har ya rasu a 2009, motar cike da tarkacensa kamar yanzu ya fita zai dawo. A bakin garin kuma akwai gidan abinci Old Log Cabin na katako tun 1926, shi labarinsa har yanzu in na tuna sai inyi murmushi, da aka canjawa titin hanya ya koma ta bayan ginin sai masu shi suka ɗaga ginin kacokan suka juya shi ya fuskanci sabon titin. Baban yara yace kinga wanda baya jiran a tausaya masa. Anan Pontiac muka kwana.

Kashegari ne muka je inda na sayo miki tsaraba. Funks Grove sunan wajen, kina cikin gonaki ba ko inuwa kwatsam sai ki faɗa wani kurmi mai sanyi da dogayen bishiyoyi, iyali ɗaya ne ke wajen tun kakansu Isaac Funk da ya sauka a 1824. Sana'arsu zumar bishiya, wata bishiya ce maple, ƙarshen sanyi wajen Fabrairu zuwa Maris lokacin da dare ke ƙanƙara rana kuma ta ɗan saki sai ruwan jikinta ya motsa, su huda ta su sa 'yar bututu ruwan ya dinga ɗiga. Ruwan fari ne kamar na sha zaƙinsa kaɗan, sai an dafa an dafa an dafa, wajen galan 40 ne ke bada galan 1 na zumar. Makonni kaɗan ne a shekara, in yanayi bai bada haɗin kai ba shekarar ta tafi, kuma in wanda suka dafa ya ƙare a shagon shikenan sai baɗi. Shagon ɗan ƙarami ne, aka ɗiga mana a cokali muka ɗanɗana, Umma ba irin wanda muke saya a kanti bane mai kauri kamar gam, wannan sassauƙa ne da wani ƙamshi kamar na itace da hayaƙi-hayaƙi. Abba yayi ta jero tambaya wai bishiyar bata jin ciwo, aka amsa masa ɗaya bayan ɗaya ba gajiya.

Azahar ta same mu a wani ɗan filin shaƙatawa gefen gona, muka shimfiɗa darduma ƙarƙashin bishiya, can gefe wani tsoho na kan motar yankan ciyawa tana ta ƙara. Muna tada kabbara naji ƙarar ta ɗauke. Sai da muka sallame muka shafa addu'a sannan ya sake tada injinsa, bai ce komai ba bamu ce komai ba, ya dai taɓa bakin hularsa da muka zo wucewa. Bazan ɓoye miki ba ba ko'ina ne haka ba, akwai shago ɗaya da muka shiga mai shi ko gaisuwarmu bai amsa ba sai binmu da ido yake duk inda muka juya, na ja hannun yara muka fita, abin ya tsaya min a rai har yamma. Amma guda ɗaya ne cikin wajen ashirin.

Mun ratsa garin Lincoln, wanda aka sawa sunan Abraham Lincoln tun 1853 yana lauya bai ma zama shugaban ƙasa ba, kuma da ruwan kankana yayi bikin sunan garin, har gunkin yankin kankana suka kafa kusa da tashar jirgin ƙasa. A Springfield mukaje kabarinsa, akwai ƙaton kansa na tagulla a ƙofa hancin yayi fari ƙal saboda shafawar mutane wai neman sa'a, mu dai kallo mukayi muka wuce. Mun leƙa Cozy Dog, gidan abincin mahaifin mai zanen nan da na faɗa miki, su suka shahara da tsiran nama da ake tsomawa a ƙullun masara a soya a jikin tsinke tun shekarun 1940, ɗan nasa kuma shi ko nama baya ci. Mu ma dankali da lemo muka tsaya akai.

Shagon da yafi tsaya min a rai kuwa a rana ta uku ne bayan mun bi wani guntun titi na jan bulo kusa da Auburn, mil ɗaya da 'yan kai, da hannu aka jera shi ɗaya bayan ɗaya a 1931, mota na bi tana rrrr yara na dariya. Gaba kaɗan a wani ƙauye muka ga shagon tsoffin kaya, irinsu suna da yawa a garuruwan nan dan in tsoho ya rasu 'ya'ya suna birni basa son kayan sai a kawo nan. Ciki duhu-duhu da warin tsohon katako, kwanuka, fitilun ƙwai, agogon bango da suka tsaya kowanne da nasa lokacin, hotunan aure na mutanen da ba wanda ya san sunansu yanzu. A lungu na hango keken ɗinki Singer na ƙafa, baƙi da zanen ruwan gwal a jiki, sak irin naki. Ban san sanda na zauna a gabansa ba, na ɗora ƙafa na taka, ya amsa da wannan ƙarar da nake ji ina kwance kina ɗinki da daddare, wallahi Umma sai hawaye. Mai shagon tsohuwa ce tukuf gashinta fari fat, ta taho a hankali da sandarta ta dafa kafaɗata, tace na mahaifiyarki ne ko, nace eh, tace wannan ma na tata mahaifiyar ne, shi yasa duk shagon shi kaɗai ne bata liƙawa kuɗi ba.

Mun fi awa ɗaya tare. Ta nuna min barguna da matan garin ke haɗawa da ƙyallaye, guntun rigar miji guntun labule guntun zanen gado, ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana a jere kamar an auna da ma'auni, tace wani bargon sai ya ci damina da rani kafin a gama. Tace tana yarinya motoci basa yankewa a ƙofar nan ko tsakar dare, babanta har ma'aikata yake ɗauka, ranar da aka buɗe babban titi kuwa suka fito suka tsaya suna kallon hanya wayam. 'Ya'yanta uku duk suna nesa, kullum suna cewa ta rufe ta koma wajensu, ita kuwa tace in ta rufe wa zai kunna fitila a layin. Nan naji wani iri, dan nasan nima ɗaya ce cikin 'ya'yan da suke nesa. Takwararki ta samu wata kwalba cike da maɓallai kala-kala ta zauna a ƙasa tana warewa, da zamu tafi tsohuwar tace ta cika hannunta biyu ta tafi dasu. Na sayi ƙaramin bargo ɗaya, kuɗin hannu kawai take karɓa bata da na'urar kati, saida Baban yara ya koma mota ya tattaro canji.

A Litchfield mukaci abincinmu na ƙarshe a Ariston Cafe. Wani Bagirke ne Pete Adam ya kafa shi, baƙo ne kamarmu da ya baro ƙasarsa, ya fara a garin Carlinville a 1924, da titin ya kauce masa ya tattara ya biyo shi, ginin da muka zauna ciki tun 1935 yake, kuma ɗansa da jikansa suka riƙe wajen bayansa sama da shekara 90 yana hannunsu. Kifi mukaci mai kyau. Ina zaune ina kallon tsoffin kujerun katakon ina tunanin mutumin nan ranar da ya sauka ƙasar nan, ƙila shima harshen ya masa wuya, ƙila shima akwai shagon da aka ƙi amsa masa gaisuwa, kuma tabbas yana da uwa a can da yake rubutawa wasiƙa. Na kalli su Abba suna faɗa akan wa zai zauna jikin taga. Baban yara ya lura nayi shiru yace lafiya, nace lafiya lau, shima dai naga jikinsa yayi sanyi, a mota yake cemin ashe tunaninmu ɗaya.

Daga nan sai kogin Misisipi, akwai tsohuwar gada Chain of Rocks ta 1929, tsawonta ya ɗan haura mil ɗaya kuma a tsakiya ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu, yanzu mota bata hawa sai 'yan ƙafa da masu keke. Muka taka har tsakiya Auta a wuyan babanta, ruwa a ƙasa jajaja yana gudu, can nesa muna hango St. Louis. Dawowa kam babban titi muka biyo saboda aiki washegari, duk garuruwan nan muka dinga wuce su sai sunansu a allo, yara na ihu ga garin mai askirim ga garin mai maɓalli.

Tsarabarki kwalba biyu ce ta zumar da bargon, zan bada a kawo miki da wanda zai taho ƙarshen wata. In an buɗe kwalbar a sa ta a firji dan bata jure zafi, kuma dan Allah ki tambayi likita tukuna saboda sugan ki, in yace a'a a baiwa Baba da yara. Takwararki ta zaɓo maɓallai shida mafi kyau ta ƙulle a leda tace naki ne ki sawa rigarki, kar ki ga ƙulli a cikin bargon ki zata shara ce. Sannan Umma keken nan naki dan girman Allah kar a bayar dashi kar a sayar, ko ya lalace a sa a gyara ni zan biya.

Maganar zuwanki kuma muna nan akai, Baban yara yace in takardu sun fito cikin zafi zamu so kizo, na riga na cewa tsohuwar nan zan kawo mata ke, tace Allah yasa tana nan. A gaida Baba sosai ace muna neman addu'a, a gaida Yaya da matarsa da su Inna da duk wanda ya tambaye mu. Su Abba na gaisheki, Auta ma tana ta ɗagawa wayar hannu. Zan kira ranar Juma'a in kun sauko daga masallaci insha Allah.

Taki,
'yarki